Katin Da Ba Na Jam'iyya Ba

Grand Concourse, Bronx
28 ga Janairu

Yaya Indo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗanki Hakeem da iyalinsa da duk mutanen Gyaɗi-Gyaɗi. Ya gwiwar? Mu nan lafiya lau, sai sanyin da ke shiga har cikin haƙori. 'Yata Khairunnisa tana gaishe ki. 'Yarta, Inna ƙarama, ta shiga aji biyu, ni nake kai ta makaranta kullum da safe.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali shekaranjiya muka yi waya. Maganar ba ta waya ba ce. Zan riƙa ba Souley mai kago, ɗan Nijar ɗin nan da ke aika kayan mutane Kano duk Juma'a. Ki mayar da amsa ta hannun wakilinsa na Kantin Kwari, ki liƙe ambulan da kyau.

Yaya, na yi ɓarna.

Kin san ƙaninki. Shekara goma sha tara ina sakataren jam'iyya a mazaɓarmu, in na ga tebur da takardu da biro, ƙafata da kanta take zuwa. To, a watan Oktoba na fito daga sallar Juma'a na tarar wasu 'yan mata sun kafa tebur a bakin titi. Na tambaya, suka ce rajista ce ta masu son shiga zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa. Na ce a raina, fidda gwani ai harkar jam'iyya ce, ina ruwan gwamnati? A gida ko jiya mutum ya tare a unguwa, in ya ce yana so, kati muke yanka masa. Na sani sarai mai takardar zama irina, wadda suke kira girin kad, ba ya jefa ƙuri'a a babban zaɓe. Shekara shida ina ƙasar nan, ai ban zama jahili ba. Amma katin jam'iyya? Na ba da sunana da adireshi, na sa hannu. Akwai wani ɗan akwati a saman takardar da ke tambaya ko mutum ɗan ƙasa ne. Yarinyar ce ta yi masa alama, ni ban lura ba.

Da katin ya zo ta gidan waya na kai shi shagon Muniru, wani mutumin Ghana da muke zama wurinsa, ina nunawa ina baza riga. Ya rungume ni ya ce, "Ah, Alhaji! Kai ma ka yi rantsuwan ɗan ƙasa ba ka gaya mana ba?" A bakinsa na ji cewa a nan rajistar fidda gwani ita ce rajistar zaɓe. Guda ɗaya ce, ta gwamnati ce, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba in ya shiga, laifi ne da ke iya cinye takardar zamansa. Na yi dariya na ce masa ai abin sirri ne. Yadda na iso gida ranar, ban sani ba.

Da na yi shiru na bar wa Allah. Sai ga wani ɗan takara a jam'iyyar da na shiga, ba zan rubuta sunansa ba, mu kira shi Mai Rariya. Alkawarinsa guda ne, kullum shi yake maimaitawa: in ya hau, zai zuba rajistar kowace jiha a rariya, duk sunan da ya maƙale a ɗora mai shi a jirgi. Babbar abokiyar karawarsa mace ce, Mai Tabarau. Su nan ba rana ɗaya suke yi a filin wasa kamar namu ba. Jiha-jiha ake bi, su hamsin, wata biyar, kowa yana tara daliget. An fara da wata jihar manoman masara, Iowa. Shi ya ci.

Khairunnisa ba ta sani ba. Ita ta kawo ni ƙasar nan bayan rasuwar mahaifiyarta, ita ta tsaya min. Don Allah kada ki faɗa mata. Ina jin tsoro, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba.

A gaida kowa.
Ƙaninki, Zailani

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
9 ga Fabrairu

Zailani,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda ka bar ta. Da hannuna na rubuta don kada Hakeem ya ji, in ka ga layi ya karkace laifin ido ne.

Ai dama na san siyasa ce za ta kai ka ƙasa, ƙasar ce kawai ban sani ba. Mutum ya haye teku, an ba shi ɗaki mai ɗumi da jika, bai ga abin yi ba sai neman katin jam'iyya. Wa ka sani a jam'iyyar? Kwamishina za su ba ka?

Ka ƙona katin nan yau. Sannan ka zaunar da yarinyar nan ka faɗa mata. Ita ta yi karatun ƙasar, ta san ƙofar da ake bugawa. Na yi alkawari ba zan faɗa ba, amma ban ji daɗin alkawarin ba.

Shi kuma Mai Rariyar, jiha ɗaya ya ci. Ka ce hamsin ne. Kai da kanka sau nawa ka ga wanda ya kwana da daliget ya tashi babu ko ɗaya? Ka ci abinci. Na sa a yi maka addu'a, na ce ciwon baya ne.

Ka shafa min kan Inna ƙarama.
Yayarka, Indo

*

Grand Concourse
27 ga Fabrairu

Yaya Indo,

Salamu alaikum, da fatan takardata ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na gode da addu'ar ciwon baya.

Na ƙona katin a kan murhu kamar yadda kika ce. Ƙararrawar hayaƙi ta gidan ta ɗauki ihu, maƙwabta suka fito, na ce turaren wuta na sa. Amma Yaya, kati ne ya ƙone. Sunan yana cikin kwamfutarsu, harafi bai ragu ba.

Daliget ɗin nan kuma ba irin namu ba ne da ake kulle su a otal a canza musu ra'ayi kafin gari ya waye. Wanda jiha ta ba, ta ba shi ke nan. Na zana taswirar ƙasar a bayan kalandar mahauci. Jihar da Mai Rariya ya ci in cike ta da baƙin biro, ta Mai Tabarau da kore. Ba na kallon sakamako a gida don kada Khairunnisa ta ga fuskata. Sai na kai Inna ƙarama makaranta in wuce shagon Muniru, akwai talabijin a saman firjinsa.

Ranar zaɓen jihar New Hampshire ina shiga ya taso yana tafi: "Alhaji, ya ci! Ya ci!" Na zauna a kan buhun shinkafa. Na ce, "Kuma murna kake?" Ya ce, "Me zai hana? Matan nan ya iya magana koraa," wato sosai. Sai na tuna Hausar Zango ta mutanen Ghana ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne. Mai Tabarau yake nufi. Na yi dariya har da hawaye, shi yana zaton na murna ne.

Murnar ba ta yi kwana goma ba. Mai Rariya ya ci Nevada, ya ci South Carolina da rata mai yawa. Uku da ɗaya ke nan. Jiya da hantsi ina gida ni kaɗai aka buga ƙofa. Na leƙa ta 'yar hudar, na ga wani ƙato da baƙar jaket da takarda a hannu. Na tsaya a bayan ƙofar ban ko haɗiye yawu ba har ya tafi. Ashe mai gyaran bututun ɗumama ɗaki ne. Mun kwana cikin sanyi saboda tsorona, Inna ƙarama tana tari.

Yanzu in na hau jirgin ƙasa na layin D, kowa na ga ya dube ni sai in ga kamar ya san sunana. A masallaci kuwa Muniru ya gama yayata cewa akwai tsohon sakataren jam'iyya a cikinmu, ɗan ƙasa, shi zai jagorance mu ranar zaɓen New York a watan Afrilu. Har "Ciyaman" suke kirana.

Ban faɗa mata ba tukuna. Talata mai zuwa jihohi goma sha biyar za su yi a rana ɗaya, Babbar Talata suke ce mata. In aka kayar da shi a nan, magana ta mutu, ba sai na tayar wa yarinya da hankali ba. Ki ƙara min haƙuri zuwa lokacin.

Naki, Zailani

*

Bronx
13 ga Maris

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya jiki, ya su Yaya Hakeem? Sau biyu ina kiran ki a kan maganar Baba kina ce min layi ba kyau. Souley ya ce Baba yana aiko miki da takarda, shi ya sa na biyo hanyarsa.

Gwaggo, wallahi hankalina ba a kwance yake ba. Baba ya rame. Tuwon da yake yi min faɗa in ban tuƙa ba, yanzu sai ya yi loma biyu ya ture. Na auna jininsa, ya hau sosai, ni da nake aikin asibiti na san lambar da ba a wasa da ita. Ko an buga ƙofa sai ya miƙe tsaye.

Akwai wata taswira da yake ɓoyewa a ƙarƙashin darduma. Washegarin Babbar Talata na dawo daga aiki na same shi zaune da ita a cinya, ya cike jihohi tara da baƙi, ya danna biron har takardar ta huje. Na ce, "Baba, it's just a primary, fidda gwani ne kawai, me ya dame ka?" Ya ce shi ɗan siyasa ne, sha'awa ce kawai. Gwaggo, mai sha'awa ba ya huje takarda haka.

Na ɗauka maganganun mutumin nan a kan baƙi ne suke tsorata shi, sai na ce bari in yi maganin abin gaba ɗaya. Baba ya cika shekarun neman zama ɗan ƙasa. Na cike masa fom ɗin da kaina. Tambayoyin duk masu sauƙi ne: ka taɓa yin rajistar zaɓe, ka taɓa cewa kai ɗan ƙasa ne, irin waɗannan. Duk na sa masa a'a. Na sa hannu a wurin wanda ya cike, a ƙarƙashin rantsuwa, saura nasa kawai. In ya samu, ko wa ya ci zaɓe babu mai taɓa shi. Kwana takwas fom ɗin yana manne a jikin firji. Kullum da dalilinsa, yau biro ba ya yi, gobe bai yi alwala ba.

Don Allah Gwaggo ki faɗa min gaskiya. Wani ciwo ne yake ɓoye min? Ko gida yake son komawa yana jin nauyina? Shi kaɗai ya rage min.

'Yarki, Khairunnisa

*

Gyaɗi-Gyaɗi
25 ga Maris

Zailani,

Sallama a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Yarinyar nan ta rubuto min. Tana zaton mutuwa kake ɓoye mata. Ban faɗa ba, amma na yi mata ƙarya sau biyu a waya, ni da tsufana.

Ka saurare ni. Hannunta yana kan takardar nan. Ta rantse a kan abin da ba ta sani ba. In ka ɗora naka a ƙarƙashin nata, ƙaryar ta zama ta ku biyu, kuma ita aikin asibiti take, ga 'ya. In ba ka ɗora ba, za ta yi ta kallon ka tana ƙirga kwanakinka. Kai kuma kana can kana fentin jihohin mutane. Ko Mai Tabarau ta cinye hamsin ɗin, ita za ta zo ta amsa maka tambayar da ke jikin firji?

Sannan akwai abin da ya tsaya min. Shekara sittin da bakwai na san ka. Ko takardar asibiti ba ka taɓa bari wani ya cike maka ba, sai ka ƙwace biron ka ce ba a iya ba. Yaushe ka fara ba 'yan mata biro a bakin titi?

Na ba ka zuwa ranar zaɓen New York ɗin. Washegari zan kira ta, layi kuma zai yi kyau.

Indo

*

Grand Concourse
24 ga Afrilu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, kuma ina neman gafararki. Ba sai kin kira ta ba.

Gaskiyarki ne, ni na yi wa akwatin alama. Na ga kalmar "sitizin", wato ɗan ƙasa, na tuna takardar da na cike ta neman katin jirgi mai rahusa na tsofaffi, a can ma "siniya sitizin" aka kira ni. Na ce ai sun riga sun yarda ni sitizin ne, har da ƙarin girma. Yarinyar ma ta buɗe baki za ta yi min bayani, na ɗaga mata hannu na ce na shekara goma sha tara ina wannan aikin. Kunyar wannan ce ta hana ni magana, har ta kusa fin tsoron.

Shekaranjiya Talata aka yi na New York. Taswirata ta yi baƙi fiye da rabi, masu lissafi suka ce in ya ci nan, ya gama. Rumfar zaɓen unguwarmu kuwa a makarantar Inna ƙarama take, a ɗakin motsa jiki. Na miƙa ta ga malamarta, ina juyowa na ga Muniru da mutanen masallaci kusan ashirin suna jirana. "Ciyaman ya zo! Ciyaman gaba!"

Yaya, ba tura ni suka yi ba, kada in sake ɗora wa wani. Ni na shiga. Zuciyata ta ce, sunanka yana ciki ko ka yi ko ba ka yi ba, mutumin nan ya hana ka barci wata uku, ga dama ka mare shi da ƙuri'a ɗaya. Na bi layi. Wata dattijuwa a tebur ta tambayi sunana, ta danna, ta juyo min da allon kwamfutar. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, sunana da na mahaifinmu da lambar ɗakin Khairunnisa. Ta miƙo min abin sa hannu.

Lambar ɗakin ce ta tsayar da ni. Ƙofar da za a je a buga ke nan, kuma ba ni kaɗai nake bayanta ba.

Na ce wa matar na manta tabarau a gida. Na fita ina jin kamar za a dafa kafaɗata a kowane taku. Muniru ya biyo ni har bakin titi ya ce, "Alhaji, tabarau yana fuskanka." Na jingina da bango na faɗa masa komai. Sannan ya ce da na sa hannun nan, da babu lauyan da zai iya fitar da ni. Ya rubuta min sunan wata lauya a unguwar Flatbush, Rabi'atu, ya koma ya ce wa jama'a jinina ne ya hau.

Da la'asar Khairunnisa ta dawo, na ciro fom ɗin daga jikin firji na ajiye a gabanta, na sa yatsa a kan tambayar. Na ce, "Wannan a'a ɗin, e ne." Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta karanta hannunta da ke ƙasan takardar, ta ɗago ta ce, "Baba, sati bakwai ka bar ni na rantse a kan wannan?" Sai ta yi kuka, ta ce ita ta ɗauka ciwon daji ne. Har yanzu ba ta dube ni sosai ba, amma ta ɗauki hutu ranar Litinin za mu je Flatbush.

Jiya da safe Muniru ya bugo waya yana cewa, "Ya ci, Alhaji, ya ci New York!" Ban tambaye shi wane "ya" ba.

Ƙaninki, Zailani

*

Grand Concourse
16 ga Satumba

Yaya Indo,

Salamu alaikum, da fatan kuna lafiya.

Mai Rariya ya janye tun watan Mayu, a bakin mutane na ji. Bai rage min komai ba. Lauya Rabi'atu ta sa an cire sunana daga rajista, mun sake fom, na rubuta e da hannuna, na rubuta dalili, har da maganar katin jirgi. Ranar Alhamis ƙarfe tara za a kira ni gaban jami'in shige da fice. Ta ce jami'in yana iya yarda kuskure ne, yana iya tura ni gaban alƙali. Ba ta yi min alkawari ba. Khairunnisa za ta raka ni har inda aka yarda ta tsaya.

Kafin wannan ta iso hannunki an riga an yi. In kin ji wayata, to. In ta Khairunnisa kika ji, ki zauna kafin ki ɗauka.

Ɗakina na kusa da zaure, ki ce wa Hakeem kada ya zuba kayan shagonsa a ciki tukuna. A share, a buɗe taga ya sha iska. In ba a buƙace shi ba, ai an dai share.

Ki yafe min.
Zailani